Garin Neman Gira: Yadda Rabon Faifai Yake Cinye Takardun Ofis a Zuba

Wanda duk ya taɓa sauka a Zuba da hantsi, ya tsaya a mararrabar nan inda hanyar Kaduna da ta Lokoja da wadda ta nufi Kubwa suka haɗu, ya ga manyan motoci suna sauke lemo da ayaba da abarba, ya ji 'yan kamasho suna kiran Kano da Sakkwato, alhali Dutsen Zuma yana tsaye can wajen Madalla yana kallon kowa, da wuya ya kawo a ransa cewa a bayan wannan hayaniya akwai wata dukiya wadda ba a ɗora ta a sikeli, ba a kuma jin ƙararta in ta faɗi. Dukiyar nan ita ce rubutu, watau lissafin bashi, da rasidai, da takardun shigowar kaya, da sakamakon jarrabawar ɗalibai, da katunan majinyata, waɗanda a da suke cikin manyan littattafai masu kaurin bango, yau kuwa suna kwance cikin wani faifai da bai wuce tafin hannu ba.

Tun da aka yanke shawarar kafa sabon babban birnin tarayya a 1976, balle bayan da gwamnati ta taso daga Legas a watan Disamba na 1991, Zuba ta zama ƙofar Abuja ga duk wanda ya taho daga Arewa. Ga kasuwar 'ya'yan itace, ga ta kayan gyaran mota, ga Kwalejin Ilimi ta Birnin Tarayya, ga makarantun kuɗi da ƙananan asibitoci da shagunan buga takardu. Kowane ɗaya daga cikinsu, da zarar ya ɗan yi ƙarfi, sai ya ware kwamfuta guda ya ajiye ta a kusurwa, ya haɗa sauran da ita, ya zama duk abin da akawu ya rubuta can yake tafiya ya kwanta. Ita ake kira uwar garke, masu gyara kuwa suna ce mata saba.

Daren Asabar a saman bene

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan mas'ala ya faru ne a gidan cinikin wani aminina tun na makarantar allo, dillalin kayan gyaran mota, wanda ba zan ambaci sunansa ba. A saman shagonsa akwai ɗan ɗaki mai kwamfutoci biyar da uwar garke ɗaya, cikinta kuwa akwai jakunkunan fayiloli na shekara bakwai ko takwas, kowace da sunanta: ta bashi, ta rasidai, ta albashi, ta takardun kaya daga Legas da Nnewi.

Faifan da ke cikin uwar garken an raba shi gida biyu tun ranar da aka sayo ta, ƙaramin yanki domin manhajar da ke tafiyar da na'urar, babba kuma domin ajiya. Da shekaru suka tura sai ƙaramin ya cika, na'urar ta fara nawa, tana kukan rashin wuri. Aka kira wani saurayi mai takardar difloma, mai ladabi da son aikinsa, wanda ya saba zuwa yi musu gyara. Shawarar da ya bayar ba ta da aibu ko kaɗan: a kwashe abin da ke cikin babban yankin zuwa wani faifai na waje, a rushe yankin, a ƙara wa ƙaramin fili, a sāke gina babban, sa'an nan a mayar da kaya mazauninsu.

Ya fara kwashewa bayan sallar magariba ranar Asabar, ya sauka neman abinci. Yana can aka ɗauke wuta, batirin na'urar riƙe wuta kuwa ya daɗe da mutuwa ba wanda ya lura. Maigadi ya tayar da janareta, uwar garke ta farfaɗo da kanta. Da saurayin ya dawo ya buɗe faifan waje, ya ga sunayen jakunkuna a jere, ya buɗe biyu na sama ya tarar da su cike, sai zuciyarsa ta natsu cewa aiki ya kammala. Ya shafe na asali, ya rushe yankin, ya gina sabo, ya yi masa fomat na gaggawa, ya juyo abin da ke faifan waje ya zuba a ciki, ya kulle ɗaki ya tafi gida Suleja.

Ranar Litinin da safe akawu ta buɗe jakar bashi domin wani makanike da ya zo biyan kuɗi, ta tarar da ita wayam. Ta buɗe ta albashi, haka nan. Da na iso wajen azahar, bisa kiran da aminin nawa ya yi mini, na sami saurayin a durƙushe gaban na'urar, gumi ya jiƙe masa riga, bakinsa ba ya furta komai sai ranka ya daɗe, ranka ya daɗe, shi kuma Alhaji, aminin nawa, yana zaune a kan buhun kaya ya riƙe carbi bai ja ko ƙwaya ɗaya ba.

Abin da ake shafewa a haƙiƙa

Domin mai karatu ya gane yadda abin da aka shafe yake iya dawowa, da yadda kuma yake tafiya har abada, tilas mu ɗan leƙa cikin faifan. A misalta shi da babban ɗakin karatu na wani malami. A bakin ƙofa akwai allo da ya bayyana iyakokin ɗakunan ciki, daga ina zuwa ina ne ɗakin fiƙihu, daga ina zuwa ina ne na nahawu. A cikin kowane ɗaki kuma akwai fihirisa mai faɗin sunan kowane littafi da kantar da yake. Sa'an nan ga littattafan kansu a kan kantoci.

Allon bakin ƙofa shi ne jadawalin rabon faifai. A tsohon tsari, wanda ake tafe da shi tun 1983, jadawalin nan yana cikin gurbi na farko na faifan, mai bait 512, kuma abin da ya ci a ciki bait 64 ne kacal, layi huɗu domin yankuna huɗu. Mai karatu ya yi tadabburi a nan: faifai mai ɗauke da aikin shekara takwas, iyakokinsa duka sun rataya ne ga rubutun da bai kai jimla ɗaya ta wannan maƙala ba. Sabon tsarin da ake kira GPT ya ƙara ihtiyaɗi, domin yana ajiye kwafin jadawalin a can ƙarshen faifan. To, idan mutum ya rushe yanki, layin nan kawai ya goge a kan allo. Ɗakin yana nan, da fihirisarsa da littattafansa.

Haka nan idan an shafe jaka ko fayil. A tsarin NTFS na Windows, kowane fayil yana da ɗan gurbinsa cikin babbar fihirisa, shafewa kuwa alama ce kawai ake sa wa gurbin cewa babu mai shi, wanda ya zo yana iya zama. Fomat na gaggawa sabuwar fihirisa yake shimfiɗawa, ba ya bin kantoci. Amma cikakken fomat, tun daga Windows Vista, bin faifan yake yi yana rubuta sifiri daga farko har ƙarshe, wanda kuwa aka yi wa wannan sai dai haƙuri. A ɓangaren Linux, tsarin ext4 ya fi tsanani, domin yana goge bayanin kantar da fayil yake a lokacin shafewa, sai dai a bi sawunsa cikin littafin da tsarin yake rubuta ayyukansa na baya-bayan nan, in ba a riga an rubuta wani abu a kai ba.

Akwai abu biyu da na ga mutane da yawa sun jahilta, har da masu gyara. Na farko, fayil ɗin da aka shafe a kan uwar garke daga wata kwamfutar ofis ba ya faɗawa kwandon shara na kowace daga cikinsu, sai fa in an tanadi hakan tun farko. Na biyu, sababbin fayafai marasa juyi, waɗanda ake kira SSD, suna da wata ɗabi'a ta share gurbin da aka ce musu ba shi da mai shi, su da kansu, cikin ɗan lokaci. Saurinsu ya sa kowa yana son su, amma abin da aka shafe a kansu bai cika jiran mai nema ba.

Ashe ke nan, a kan faifai mai juyi, abin da yake kashe rubutu na haƙiƙa shi ne sabon rubutun da aka ɗora a kansa. Saurayin nan bai yi babbar ɓarna ba sa'ad da ya shafe, ko sa'ad da ya rushe yanki. Ya yi ta ne a minti na ƙarshe, da ya juyo guntun kwafin nan ya zuba a sabon yanki, yana zaton gyara yake ƙarasawa.

Me ya sa rabon faifai yake da hatsari haka?

Aikin rabon faifai yana tara sabubban sahu wuri guda. Ba a yin sa sai ofis ya tashi, watau da dare ko ranar hutu, lokacin da jiki ya gaji, babu kuma wani na biyu da zai duba. Fayafai ba su da suna irin na mutane, sai lamba ko harafi, faifai na 0 da na 1, ko sda da sdb, kuma waɗannan sunaye suna iya musanyawa in an ƙara wani faifai ko an sāke kunna na'ura. Umarnin da ake bayarwa gajeru ne, ba su da kunya, wasunsu ma ba sa tambayar ko ka tabbata. Akwai umarnin daidaita jaka biyu wanda, in ka juya masa baya ka sa ta wofi a matsayin asali, zai share cikakkiyar domin ta yi daidai da ta wofin, yana mai cika abin da ka ce masa.

Sa'an nan ga namu na gida. Wutar da ba ta da alkawari, da batirin da ba a canzawa sai ya kumbura, da ƙurar hunturu da ke toshe fankar na'ura, da zafin Maris da Afrilu a ɗakin da ba shi da iska. Matsar da iyakar yanki aiki ne da yake iya cin sa'o'i, in kuwa wuta ta yanke a tsakiyarsa sai a wayi gari rabin littattafai suna tsohon ɗaki, rabi suna sabo, fihirisa ba ta san ko ɗaya ba. Ƙari a kan haka, yawancin uwayen garken da ke irin waɗannan ofisoshi na hannu ne, an sayo su da fayafan da suka riga suka yi shekaru suna juyi a wata ƙasa.

Amma babban sababi, a ganina, shi ne ruɗuwa da abin da ya yi kama da kwafi. Wani yana da fayafai biyu da aka haɗa su suna rubuta abu ɗaya, sai ya ce yana da ajiya, alhali kuwa wannan maganin mutuwar faifai ne kawai, shafewa tana faɗa wa duka biyun a daƙiƙa guda. Wani yana da faifan waje a maƙale jikin na'urar dare da rana, wanda tsawa ko ɓarawo ko gobara za su ɗauka tare da uwar. Wani kuma manhajar ajiyarsa ta daina aiki tun bara, ba wanda ya buɗe ya gani.

Ba mu kaɗai ba ne

Kada a ɗauka wannan ciwon ƙananan ofisoshi ne ko na ƙasashenmu. A 2006, a jihar Alaska ta Amurka, wani ma'aikacin sashen kuɗin shiga yana cikin gyara irin na yau da kullum, ya yi wa faifan da ke ɗauke da bayanan masu neman rabon asusun man fetur na jihar fomat, asusun da a lokacin ya kai kimanin dala biliyan 38. Ya kuma yi wa faifan ajiyar haka nan. Da aka ɗauko kaset-kaset na mataki na uku, sai aka tarar ba sa karantuwa. Abin da ya cece su takardun asali ne da ke cikin kwalaye fiye da 300, waɗanda aka tara ma'aikata suka sāke ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya ci fiye da dala 200,000.

A 1998 kamfanin Pixar ya kusa rasa fim ɗin Toy Story 2, bayan da wani ya ba da umarnin shafewa a inda bai kamata ba, kusan kashi tara cikin goma na aikin ya tafi, ajiyar kuma aka same ta da naƙasa. Wata shugabar sashen fasaha, Galyn Susman, da take aiki daga gida saboda jego, ita ce ke da kwafi, aka naɗe kwamfutarta da barguna aka kawo ta a mota. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, cikin dare da gajiya, ya shafe jakar bayanai a kan uwar garken da ke aiki yana zaton ta biyun ce, kimanin gigabait 300 suka tafi, hanyoyin ajiya biyar da suke taƙama da su kuwa babu wadda ta amsa kira yadda ya kamata, sai wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i shida kafin nan. A Disamba 2021 Jami'ar Kyoto ta Japan ta rasa kimanin terabait 77, kuma manhajar da ke kula da ajiyar ce ta share su.

A duk waɗannan akwai kwafi, ko abin da aka zaci kwafi ne. Wannan ya tuna mini da al'adar malamanmu na zaure. Idan ɗalibi ya kwafi littafi da hannunsa, ba a ɗaukar wannan kwafi abin dogaro sai an yi masa muƙabala, wani ya riƙe asali yana karantawa, wani ya riƙe sabon yana bi, a gyara abin da ido ya tsallake, a rubuta shi a gefe. Sun san hannu yana sahu, sun san ido yana ƙetare layi in layi biyu sun ƙare da kalma ɗaya. Saurayinmu ya ga sunayen jakunkuna, ya buɗe biyu, ya wadatu. Da ya gwama adadin fayiloli da nauyinsu a nan da can, aikin da bai fi minti biyu ba, da ya ga giɓin.

Yadda aka bi sawu

Alherin da Allah ya yi wa aminina shi ne saurayin bai ɓoye ba, ya kuma kira wani dattijon mai gyara da ya koya masa aiki, wanda yake da shago a wajen Wuse. Abu na farko da dattijon ya umarta ta waya shi ne a kashe na'urar nan take, kada a saka mata wata manhajar ceto, kada a bar ta ta yi binciken gyaran faifai da takan nemi yi. Dalilinsa kuwa a fili yake. Duk manhajar da aka sauke a kan faifan tana iya sauka a kan abin da ake nema, manhajar gyaran faifai kuma burinta ta daidaita sabuwar fihirisa, ba ruwanta da tsohuwar.

Da la'asar dattijon ya iso da faifai sabo wanda ya fi na cikin girma. Ya ciro na asali, ya haɗa shi da wata kwamfuta ta yadda za a karanta shi ba a rubuta masa komai ba, ya sa wata manhaja mai suna ddrescue ta kwafe shi gurbi bayan gurbi, da inda ke da rubutu da inda ake zaton babu. Wannan ya ci dare guda, janareta yana ruri, an sayo mai na musamman domin kada a maimaita abin da ya faru. Da safe ya naɗe faifan asali ya miƙa wa Alhaji ya ce a sa a durowa a kulle, duk gwajin da za a yi a kan kwafin za a yi shi, in ya ɓaci a sāke ɗaukar wani.

Daga nan ya bi mataki-mataki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ya fara neman tsofaffin kwafin da Windows yake iya ajiyewa da kansa, abin da aka shigo da shi tun Windows Server 2003, ya tarar ba a taɓa kunna shi ba, da ma an kunna, da ya tafi tare da yankin da aka rushe. Ya ɗauko TestDisk, manhajar kyauta da wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya rubuta, wadda take bin faifai tana neman alamun tsofaffin iyakoki, ya gano inda tsohon yankin ya fara da inda ya ƙare. Sa'an nan ya sa wata manhajar ta tattaro ragowar gurabun tsohuwar fihirisa. A nan ne na ga abin da ba zan manta ba, sunayen jakunkuna suna fitowa a kan allo ɗaya bayan ɗaya, akawu tana tsaye a bayansa tana karanta su a hankali kamar mai kiran sunayen 'yan uwa da suka dawo daga tafiya.

Abin da fihirisarsa ta lalace kuwa sai aka koma ga PhotoRec, ƙanwar TestDisk, wadda ba ta duban fihirisa sam, sai dai ta gane fayil ta alamar da ke farkonsa. Tana ceto da yawa, amma ba suna, ba jaka, sai lambobi. Wanda ya san littattafanmu na hannu, waɗanda ba a ɗinke su, warƙoƙi ne a tsakanin tadarishi cikin gafaka, ya san marubuci yakan sauko da kalmar farko ta shafi mai zuwa ya rubuta ta a ƙasan wanda ya gama, domin in iska ta watsa su a iya jerawa. To, abin da PhotoRec take bayarwa tarin warƙoƙi ne na littattafai ɗari da aka zube wuri ɗaya, ba kuma wannan kalma a ƙasa. Fayilolin da suke a warwatse cikin faifai sukan fito rabi, a buɗe su a ga shirme.

A ƙarshe mafi yawan kayan sun dawo. Abin da bai dawo ba shi ne wanda guntun kwafin nan ya hau kansa, a cikinsa kuwa har da jadawalin bashi na watannin baya-bayan nan, wanda shi ne aka fi bukata.

Wa ke da lamuni?

Da hankali ya ɗan kwanta sai maganar alhaki ta taso, kuma na ji ta ta fuska uku. Masu dukiya, da Alhaji da maƙwabtansa na kasuwa da suka zo jaje, hujjarsu ita ce wanda ya karɓi aiki ya karɓi kuɗi shi ne masani, ba a tsammanin mai sayar da birki da fistin ya san abin da ke cikin faifai. Suna da madogara a fiƙihunmu, domin malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa masu sana'a, irin su maɗinki da marini, suna lamunin abin da aka ba su suka keɓanta da shi, saboda maslahar jama'a, hukuncin kuwa yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu.

Masu gyara kuma suna da nasu kuka, wanda na same shi da nauyi. Sun ce sau nawa suke ba da shawarar a sayi faifai na biyu, ko a canza batiri, ko a biya kuɗin ma'ajiyar intanet, a ce musu a bari sai kasuwa ta buɗe. Ba a kiran su sai abu ya lalace, ba a rubuta yarjejeniya, ladan kuwa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da abin da aka damƙa musu. Wani malami da na tattauna da shi ya ja hankalina ga cewa hukuncin mai sana'ar da ya ɗauki kaya ya tafi da su shagonsa daban yake da na wanda aka kira ya yi aiki a gidan mai kaya, haka kuma wanda aka ba wadi'a ba ya lamuni sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Mas'alar ke nan ta koma ga tambaya ɗaya: shin barin muƙabala sakaci ne? Ni dai ina ganin sakaci ne, amma ina ganin wanda ya bar aikin shekara takwas a kan faifai ɗaya ya riga shi yin sa.

Fuska ta uku ita ce ta hukuma, wadda 'yan kasuwa ba su cika tunawa da ita ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani ajiye littattafan lissafinsa har shekara shida. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su daga salwanta, ko da bisa kuskure ne. Makarantar da ta rasa sakamakon ɗalibanta, ko asibitin da ya rasa tarihin majinyatansa, ba dukiyarsa kaɗai ya rasa ba, haƙƙin wasu ne da aka ba shi amana. Yarinyar da za ta zo neman takardar shaidarta bayan shekara biyar ba ta san an taɓa raba wani faifai ba.

Game da rigakafi kuwa, ƙa'idar da masana suka yi ittifaƙi a kanta, wadda wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa, ita ce a riƙe kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris 2016 ba ya bukatar a yi masa sharhin sharaɗi na ukun. Masu cewa data tana da tsada, intanet kuma ba ta da tabbas, gaskiyarsu ne, sai dai takardun lissafi ba su da nauyi kamar bidiyo, faifan waje guda biyu da ake musanyawa duk Juma'a, ɗaya yana kwana a gida, ya isar wa mafi yawan shagunan Zuba. Ni kuwa da za a tambaye ni, sai in ƙara na huɗu, a riƙa ɗauko kwafin lokaci-lokaci ana buɗe shi a wata kwamfuta a gaban mai dukiya.

Littafin rasidi mai kalo

Aminina bai kori saurayin ba, bai kuma ci shi tara ba, ya dai ce shi zai zauna a sāke gina jadawalin bashin. Sa'ar da aka yi ita ce akawu ba ta taɓa yarda ta daina rubuta rasidi da hannu ba, duk da an sha yi mata magana cewa aiki biyu take yi. Aka fito da littattafan masu takardar kalo daga cikin kwali, aka haɗa da saƙonnin banki da ke wayar Alhaji, da hirarrakin WhatsApp da makanikai, aka shiga bi. Wasu masu bashin da suka ji labari sun zo da kansu sun faɗi abin da ake bin su, wasu kuma har yau ba a ga ƙeyarsu ba.

Na koma Zuba bayan mako biyu, ranar wata Alhamis da yamma, motocin kankana sun tare rabin hanya. Na hau benen na same su su uku. Akawu tana riƙe da littafin rasidi tana karanta suna da kwanan wata da adadi, saurayin yana bi a kan allo da yatsa yana amsawa, Alhaji kuma, da tabarau a kan hanci, yana duba wayarsa yana cewa a dakata, wannan ya biya rabi ranar da aka yi ruwan nan mai yawa. A kan tebur akwai fayafan waje guda biyu, an manna wa kowanne takarda an rubuta masa suna da jan biro. Sun kai watan Yuli, saura wata uku.